Na Hana Su Hausa, Ashe Tunani Na Hana Su

Duk malamin firamare a Kano ya san abin da ke samun yara idan suka shiga aji huɗu. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta ta, ta daɗe a kan tsari guda: a koyar da yaro da harshen unguwarsu a shekaru uku na farko, Turanci yana zaman darasi ɗaya cikin darussa, daga aji huɗu kuma a juya komai zuwa Turanci. A takarda abin ya tsaru. A cikin aji kuwa, yaron da bara yake tarawa yana ɗebewa da Hausa, bana an miƙa masa littafin kimiyya wanda ko layin farko ba zai iya karantawa ba. Ga shi ɗan cikin birni ba ya jin Turanci a ko'ina. A gida Hausa, a Islamiyya Hausa da Larabci, a rediyo Hausa, in an aike shi Sabon Gari ma mai shagon da ya zo daga Anaca da Hausa zai yi masa ciniki. Turancinsa duka shi ne abin da ya ji a ɗan lokacin da jadawali ya ware, a ajin da ya cika maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa.

Saboda haka shawarar da ake ba malamai ta su baza Turanci cikin sauran darussa ba ta banza ba ce. Maimakon a tsaya ana nanata nahawu, sai a ba yara wani aiki na hannu da ido, na lissafi ko kimiyya ko tarihi, su riƙa jin harshen suna amfani da shi a kan abin da ke gabansu. A Turai an ba wannan hanya suna na musamman tun 1994, kuma makarantu da yawa a can suna koyar da labarin ƙasa ko kimiyya da baƙon harshe. Ni a wata bita ta malamai na fara jin bayaninta, kuma ta shiga raina ƙwarai. Har yau ina kan bakana cewa hanya ce mai kyau. Sai dai yadda na fara aiki da ita ya cuci yaran da aka ba ni amana, kuma ina ganin ya kamata in faɗi yadda aka yi, domin na ga wasu abokan aiki suna bin sawun da na bi.

A lokacin ina riƙe da aji biyar a wata makaranta da ba ta da nisa da Ƙofar Nassarawa. Na zauna na tsara aikin zango guda a kan ganuwa. Ban ga abin da ya fi ta dacewa ba. Tarihi yana ciki: Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma gina ta, Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, Turawa suka ci birnin a 1903. Lissafi yana ciki, domin za mu auna faɗi da tsawo. Labarin ƙasa yana ciki, domin za mu zana taswirar ƙofofi, daga tamu zuwa Ƙofar Mata da Wambai da Mazugal, a zagayo ta Kabuga da Na'isa da Ɗan Agundi. Ga zane, ga aikin laka, za mu gina ƙaramar badala a harabar makaranta. Duk wannan kuma da Turanci. Na rubuta shirin darasi mai kyau wanda shugaban makaranta ya sa wa hannu yana yaba mini.

Sannan na ƙara wata doka da babu wanda ya ce in ƙara. Na ce daga ranar da muka fara aikin, ba Hausa a ajina. Na ba monita takarda ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya yi. Hukuncin kamun kunne ne, ko sharar aji bayan an tashi. Ban ƙirƙiro wannan ba, mu ma haka aka yi mana, kuma na taso da imanin cewa wanda aka bari da Hausa ba zai taɓa buɗe baki da Turanci ba. A tunanina, idan na toshe waccan ƙofa dole su fito ta wannan.

Ajin ya yi tsit. Yaran da a da sai na buga tebur kafin su saurara, yanzu ko tari ba ka ji. Na ɗauka tarbiyya ce ta samu. Har nakan faɗa wa abokan aiki a ofishin malamai cewa sirrin shi ne malami ya tsaya a kan dokarsa.

Ranar awo muka fita zuwa wani ragowar badala a gefen da babu cunkoso sosai, nesa kaɗan da gadar saman da aka gina a bakin ƙofar a zangon mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu. Na raba su rukuni-rukuni, na ce kowa ya auna daga wannan alama zuwa waccan da takunsa, ya rubuta. Manufar darasin, kamar yadda take a littafin lissafi, ita ce yara su gano da kansu dalilin da ya sa mutane suka bar awo da taku da taƙi da kamu suka koma mita: gaɓoɓin jikin mutane ba ɗaya ba ne, don haka sai an sami ma'auni guda da kowa ya yarda da shi. Na yi wannan bayani da Turanci, na maimaita, suka gyaɗa kai.

Suna cikin awo sai gardama ta tashi a wani rukuni, cikin raɗa, domin kowa lambarsa daban. Wata yarinya, ƙarama a jiki, wadda na san takan yi tallar awara da yamma, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ai ba za mu taɓa samun amsa ɗaya ba, ƙafafunmu ba ɗaya ba ne. A samo igiya guda kowa ya auna da ita."

Wannan shi ne darasin gaba ɗaya. Abin da na fito da su cikin rana domin su gano, ta gano shi, ta kuma kawo magani. Amma kunnena bai ji haka ba. Abin da na ji shi ne an karya dokata a gaban jama'a. Na sa monita ya rubuta sunanta, na ce ta faɗa da Turanci ko ta yi shiru. Ta yi shiru. Da muka koma makaranta ta yi kamun kunne tare da sauran masu laifi. Daga ranar har ƙarshen shekarar ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba, kuma ban lura ba sai daga baya.

Da zango ya zo ƙarshe muka shirya ranar baje koli. Aka gayyaci iyaye da 'yan kwamitin makaranta da wasu jami'an ilimi. Ƙaramar badalarmu ta laka ta yi kyau, taswira ta sha launi. Na zaɓi yaran da bakinsu ya fi sakewa, na rubuta wa kowa abin da zai faɗa, muka yi ta gwaji. Ranar taro kowa ya tashi ya zuba Turanci ba gargada: wanda ya gina ganuwa, shekarar da aka gina, tsawon da muka auna. Iyaye suka yi ta tafi, wata uwa har da guɗa. Ni ma a raina na ce aiki ya yi.

A cikin baƙin akwai wani dattijo, tsohon malami da ya yi ritaya tuntuni, irin waɗanda suka fito daga kwalejojin horon malamai na da. Bai ce komai a gaban mutane ba. Sai da taro ya watse ya ce in ba shi aron yaran da suka yi jawabi. Ya ɗauki alli ya ja layi biyu a ƙasa, ɗaya dogo ɗaya gajere, ya miƙa wa yaron da ya fi kowa shan tafi rula, ya tambaye shi da Turanci mai sauƙi wane layi ya fi tsawo, kuma da nawa. Yaron ya dubi rula, ya dube ni, ya sake karanto jawabinsa na ganuwa daga farko. Dattijon ya juya zuwa Hausa. Ya nuna ginin lakarmu ya ce, me ya sa magina suke yin gindin ganuwa da kauri, samanta ya tsuke? Babu wanda ya amsa. Ya ce, to me ya sa tun farko mutanen Kano suka wahalar da kansu da wannan gini? Nan ma shiru, sai wani ya faɗi sunan Gijimasu.

Ya sallame su, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, hadda suka kawo maka. Yaranmu gwanayen hadda ne, tun suna ƙanana aka hore su a kai, kuma alheri ne. Amma kai malamin boko dole ka yi hattara da ita, domin za ta iya rufe maka ido shekara guda ba ka san ba su gane ba."

Na ce, "Baba, yawansu ne, ga shi a gida ba mai taimaka musu."

Ya ce, "Duk gaskiya ne. Amma ba yawansu ne ya hana su tambayarka ba."

Na kwana biyu ina kare kaina a zuci. Na ɗora wa cunkoso, na ɗora wa iyaye, na ɗora wa malaman ƙananan azuzuwa da suka turo mini yaran da ba su iya karatu ba. Duk waɗannan matsaloli ne na gaske, amma suna nan tun kafin in zo da dokata, kuma a da yaran suna tambaya, suna gardama, suna kawo misali daga gida. Ni na kashe wannan. Da na natsu na ga kurakuraina uku ne, kowanne yana goyon ɗan'uwansa.

Na farko, na haɗa musu sabon abu biyu a lokaci guda. Ma'anar ma'auni sabuwa ce a wurinsu, harshen da nake bayani da shi ma sabo ne. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Idan za a koyi sabon ilimi, sai harshen ya zama sananne. Idan kuma za a koyi sabon harshe, sai abin da ake magana a kai ya zama an riga an gane shi. Ni na bar su ba madafa ta kowane ɓangare, don haka suka kama abin da ya rage musu, wato hadda.

Na biyu, na ɗauka aikin hannu da kansa zai koyar da harshe. Na zaci muddin yaro yana taɓa laka yana jin Turanci a kansa, kalmomin za su shige shi. Ban zauna na ware waɗanne kalmomi da waɗanne irin jimloli nake son su mallaka ba. Na yi ta zuba, kalma ɗari a rana, babu wadda ta dawo sau uku. Zangon ya cika da zirga-zirga, amma in ka tambaye ni wane gini na jimla suka koya, ba ni da amsa.

Na uku shi ne mafi muni: na auna nasara da abin da na shirya musu da kaina. Tambayar da malami ya rubuta amsarta ya ba yaro ba jarrabawa ba ce. Tafin iyaye ya yi mini daɗi har na manta cewa mafi yawan masu tafin ba Turancin suke ji ba, amon suke yaba wa, kuma suna da haƙƙi a kaina in gaya musu gaskiyar abin da 'ya'yansu suka sani.

Bayan haka na koma ga karatu, na tarar ashe rabin labari na ɗauko daga bita. Gwajin da ake yawan kafa hujja da shi an fara shi ne a 1965 a garin Sen Lamba kusa da Mantiriyal a Kanada, inda aka koyar da 'ya'yan masu jin Turanci cikin harshen Faransanci. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne malaman suna jin harshen yaran sarai, kuma a farkon tafiya an bar yaran suna amsawa da harshensu na gida ba tare da tsangwama ba, har bakinsu ya nuna da kansa. Ga kuma binciken Jim Cummins, masanin ilimin harsuna a jami'ar Toronto, a kan 'ya'yan baƙin haure: yaro kan iya hira ta yau da kullum da sabon harshe cikin shekara biyu ko kusa da haka, amma harshen karatu, wanda ake bayanin dalili da kwatance da hujja da shi, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Waɗannan fa yara ne da Turanci ya kewaye su a titi da talabijin da filin wasa. Ni kuma ina neman ɗan Ƙofar Nassarawa ya yi mini bayanin ma'auni da Turanci cikin zango ɗaya.

A gida Nijeriya ma an yi gwajin. Daga 1970 zuwa 1978 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani shiri a jami'ar Ife inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, Turanci kuma aka ba shi kulawa a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a wasu darussan. Ma'ana, harshen gida bai cinye Turancin ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne misalin yana bayan ƙofarmu. A Nassarawa ne Hans Bisha, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, kuma gidansa yana nan har yau ana zuwa kallo. Da Hausa ake koyar da karatu da lissafi da labarin ƙasa a can, tare da sana'o'in hannu. Ba ina cewa a koma wancan zamani ba ne. Tsarin mulkin mallaka yana da nasa manufofin, kuma ƙarancin Turanci da ƙarancin makarantu sun bar Arewa a baya lokacin da aka zo rabon ayyukan gwamnati. Iyayen da suke son 'ya'yansu su ji Turanci suna da gaskiya, domin da shi ake jarrabawar fita sakandare, da shi ake shiga jami'a. Abin da na ɗauka daga tarihin kawai shi ne, fiye da shekara ɗari da suka wuce an riga an san lissafi da kimiyya suna shiga kan yaron Kano da Hausa. Ni ne na zo daga baya na ɗauke ta abokiyar gaba.

Ban watsar da hanyar haɗa darussa ba, na sake mata tsari ne. Zan ba da misali da darasin inuwa, wanda yanzu nake fara shekara da shi. Yaranmu sun riga sun ji a Islamiyya cewa lokacin azahar yana shiga idan rana ta karkata daga tsakiya, la'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar da ta rage da tsakar rana. Sai mu kafa sanda a filin makaranta. Rana ta farko duka da Hausa muke yi: me suka sani, me suka gani a gida, me ya sa inuwar safe take da tsawo, ina take fuskanta. Ina barin su su yi musu har su gaji. Wani ya ce inuwar ce ke tafiya, wani ya ce rana ce, sai mu kawo tocila da ƙwallo mu gwada. Sai na tabbata sun gane, sannan Turanci ya shigo, kuma da awo yake shigowa: kalmomi kaɗan da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, irin su inuwa da sanda da tsawo da gajarta da gabas da yamma, da ginin jimla guda biyu, ɗaya ta faɗin tsawon abu, ɗaya ta kwatanta abu biyu. Kowane rukuni ya auna inuwar da safe da hantsi da kusan tashi, su rubuta a jadawali. A tsakaninsu su yi magana da harshen da suka ga dama. Amma idan wakilinsu ya tashi ba da rahoto, da Turanci zai yi, da waɗannan jimloli biyu, da lambobin da shi ma bai san su ba sai da ya auna. Ba abin da za a haddace, domin inuwar gobe ba ta yau ba ce.

Mako na gaba jimlolin nan biyu ba sa tafiya hutu. Da su za mu kwatanta tsawon waken da muka shuka a gwangwani, da su za mu kwatanta ruwan da robar awonmu ta tara idan damina ce. Kalmar da yaro ya haɗu da ita a lissafi ya sake haɗuwa da ita a kimiyya, ya sake a zane, ita ce take zama. A nan amfanin haɗa darussa yake, ba a yawan fita ba.

Na kuma daina aikin ni kaɗai. A da ban shawarci kowa ba, ina ganin ni na je bita. Yanzu kafin zango ya fara nakan zauna da mai koyar da lissafi da mai koyar da kimiyya mu daidaita: idan za su shiga awo a mako na uku, ni ma a makon zan kawo jimlolin kwatance. Da muka kai yara marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take aiki, ban yi musu bayani ko ɗaya ba. Marinin ne ya yi, da Hausarsa, ya nuna musu baba da toka, ya tsoma ƙyalle ya fito da shi kore-kore, suka tsaya suna kallo iska tana mayar da shi shuɗi. Tambayoyin da suka yi masa sun fi waɗanda zan iya shiryawa. Da muka dawo aji muka rubuta matakan rini da Turanci, da kalmomin jeri: da farko, sannan, bayan haka, daga ƙarshe. Sun san abin da ya zo kafin wani domin da idonsu suka gani, sai ya zama harshen kaɗai ne aikin da ya rage.

Wannan hanya tana da tsada, kuma ba zan ɓoye ba. Tana cin lokaci, wani zangon ba na gama abin da manhaja ta jera. Ranar baje kolinmu ba ta ƙayatarwa kamar da, domin yara suna tsayawa su yi tunani, suna kuskure, suna gyarawa. Wani uba ya taɓa tare ni a bakin makaranta ya ce, "Malam, Hausa ai a gida ma yana ji, Turanci na kawo shi ya koya." Na ce, "Alhaji, gaskiyarka. Amma a gida ba a yi masa bayanin dalilin da ya sa inuwa take gajarta. Ka ba ni zuwa ƙarshen zango, ka zo da tambayarka, ba tawa ba." Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren, wanda ya fi yawa a makarantunmu: malami ya karanta layi da Turanci ya fassara da Hausa, haka har a tashi, yaro bai furta kalma ɗaya ba. Wannan ma cuta ce, domin yaro yakan toshe kunne ya jira fassara. Dole a sami lokacin da aka sani na Turanci ne, gajere, mai iyaka, wanda yaron ne zai yi magana a cikinsa ba malami ba.

Yarinyar kuwa, sai da ta shiga aji shida na sami ƙarfin halin kiranta. A al'adarmu ba kasafai malami yake ba ɗalibi haƙuri ba, kuma na yi ta jan ƙafa saboda haka. Na kira ta gaban ajinsu na ce, ranar da muka je badala ita ce ta faɗi amsar da ta fi ta kowa, ni kuma na hukunta ta a kan kuskure, ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai, Malam." Na san yafiyar ba ta dawo mata da shekarar da ta yi tana tsoron buɗe baki ba, kuma ban san tambayoyi nawa ta haɗiye a cikinta ba, ita da sauran da ban lura da su ba ko kaɗan. Wannan bashi ne da ba ni da hanyar biya sai ta kan waɗanda suka zo bayansu.

Manufofin gwamnati suna ta juyawa a kan wannan batu. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen gida a dukkan shekaru shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da janye wannan, aka ce a koma Turanci. Masana za su ci gaba da muhawara, kuma ya kamata su yi. Amma ko wace takarda aka aiko daga Abuja, babu wadda ta ce a hukunta yaro don ya yi tunani da harshen da yake da shi, kuma babu wadda za ta shiga aji ta duba ko an gane. Wannan yana hannun malami.

Shawarata ga abokan aiki guda biyu ce. Idan yaro ya ba ka amsa daidai da Hausa, ka karɓa tukuna, ka yaba masa, sannan ka ba shi jimlar Turancin da zai sake faɗinta da ita, ka sa ajin duka su maimaita. Ka sami darasi biyu ke nan maimakon ka rasa duka. Sannan kada ka yarda da sakamakon da kai ka shirya. A ƙarshen kowane aiki ka kira wani malami, ko wani uba mai ilimi, ka ba shi yaran da ba kai ka zaɓa ba, ya yi musu tambayar da ba ka san da ita ba, sau ɗaya da Turanci sau ɗaya da Hausa. Idan sun amsa ta Hausa sun kasa ta Turanci, aikin harshe ne ya rage maka, kuma wannan mai sauƙi ne. Idan sun kasa duka biyun, to ka koma farko, kuma kada ka nemi mai laifi a wajen ajinka kafin ka duba shirin darasinka.